Gida Lafiya Lau

Tungar Magagi, Filingue
14 ga Maris, 2022

Zuwa ga taubashina Abdurrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummul da yara. Ya aiki, ya zafin Yamai? Mu nan gida lafiya lau, babu abin da ya same mu, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu da hannu biyu kake cin tuwo.

Ranar da muka yi waya, kafin rezo ya ɗauke mana gaba ɗaya, ka ce in rubuto maka komai a takarda, in sa kwanan wata in sa hannu, ka kai wa manyanku. To ga shi, kuma kada ka yi mini dariyar rubutu, na yaƙi da jahilci ne.

Wata huɗu ke nan kamfaninku yana fasa dutsen bayan gari don tsakuwar hanya. Talata da Asabar, bayan azahar, sai a busa jiniya, a ba mu minti goma, sannan a tada nakiya. Ba ƙarar ce ta dame ni ba, ita da ta zo ta wuce shi ke nan. Akwai abin da ke riga ta isowa, ta ƙarƙashin ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafa har cikin haƙori. Kwanukan jeren Inna su yi ta kaɗawa su kaɗai. Na ajiye ruwa a ƙwarya a tsakar ɗaki don in tabbatar ba tsoro ne ke ruɗa ni ba, da na dawo na tarar ya zube ta gefe.

Bangon ɗakin Inna ya tsage, daga saman ƙofa har ƙasa, ta ɓangaren da gadonta yake. A watan Disamba tsinken tsintsiya kawai ke shiga. Yau da safe na sa yatsana ya shige har gaɓa ta biyu. Duk ranar fashin dutse ina yi wa wurin alama da gawayi. Nawa ɗakin kuwa azara biyu sun zame, na kwashe kayana na koma wurinta.

Ka san tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta takawa, kuma ƙanena Nasiru yana can Abijan, sai bayan damina. Da an busa jiniya sai Rakiya matar maƙwabcinmu Kailu ta shigo ta ɗora mini ita a baya, in goya ta har gindin gawon bakin rijiya. Inna dariya take yi, wai da ita ta goye ni, yanzu na rama. Ni ba na dariya, don ƙuguna ya fara ba ni labari. Na yi mata rumfa a tsakar gida, ta kwana ɗaya ta ce a mayar da ita. Cewa ta yi, "Nan anka kawo ni amarya, nan za a hidda ni."

Abu ɗaya nake roƙo. Akwatin nan naku mai auna girgiza, wanda aka kafa a lekol, makarantar yaran nan, a kawo shi ƙofar gidanmu ko da fashi ɗaya ne. Na ƙidaya da ƙafata: daga bakin ramin dutse zuwa gidanmu taku ɗari uku da hamsin, zuwa lekol ya fi dubu. Mu ne gidan ƙarshe, mu ne a bakin abin. Mutanen unguwa, gida ashirin, sun kai kuka meri, ofishin magajin gari, a mayar da su gangare, ni kuwa na ce musu ina da ɗan'uwa a ciki.

Ka tuna shekara uku ka yi a zauren nan kana zuwa kolej, ƙafarka duk faso. Yanzu an sa takalmi an manta da mu.

Taubashiyarka,
Basiratu


Yamai
11 ga Afrilu, 2022

Zuwa ga baiwata Basiratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ummul da yara suna gaishe ku. Ya ibada, ya ƙishirwa? Ki gaishe mini da Gwaggo Kubura da kyau, ki ce mata yanzu da cokali nake ci, shi ma biyu.

Takardarki ta iso hannun Yahaya direba, har da tabon mai. Na karanta na yi dariya har Ummul ta leƙo. Ashe ƙasarmu ta Kurfey ta yi sabuwar injiniya, mai aiki da ƙwarya da tsinken tsintsiya, mu da muka ƙone ido shekara biyar a makaranta sai mu ajiye aiki.

Bari in koya miki, tunda ɗiyar mace ba ta da aiki sai sauraron ɗan namiji. Ba a tada nakiya gaba ɗaya. Ana huda dutse rami arba'in, a zuba, kuma kowane rami yana tashi ne bayan ɗan'uwansa, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Ke kina jin ƙara ɗaya, amma ƙasa tana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa girgizar ba ta taruwa. Akwatin da kike magana yana auna saurin motsin ƙasa. Littafin kamfani ya ce kada ya wuce milimita biyar a sakan ɗaya. Tun da aka fara bai taɓa wuce uku ba, kuma ni nake karanta takardun da kaina kowane mako, ni nake sa hannu. Jikin mutum matsoraci ne, yana jin abin da bango bai ma san an yi ba.

Ɗakin Gwaggo ya girme ni ya girme ki. Laka ce, ga gara, ga zafin rani. Tun ina zaure nake ganin tsaga a bangon nan, ina ɓoye biro a ciki. Ki kwaɓa ƙasa da ɗan ramno ki toshe, ki daina zana wa mutane bango da gawayi kamar ɗiyar mahaukata.

Zancen ɗauke akwati daga lekol kuwa, ba tukunya ba ce da za a sauke a kai wani murhu. An rubuta wurinsa a cikin dosiye, wato takardun aikin, kuma lekol ginin gwamnati ne, akwai mai gadi. In na kai shi gidanku akuyarki za ta cinye wayar.

Amma kada ki ce ban yi komai ba. Takardarki tana kan teburin shef ɗinmu, shugaban aikin, ni na miƙa masa da hannuna, na fassara masa ita. Wata mai zuwa za a turo mutane su duba gidaje. Kafin nan ki ci gaba da goyo, motsa jiki ne, dama na ji an ce kin yi ƙiba.

Ubangidanki,
Abdurrazak


Tungar Magagi
17 ga Mayu, 2022

Abdurrazak,

Assalamu alaikum, barka da salla ko da ta wuce. Ina fata iyali suna lafiya. Ni da Inna muna numfashi. Ka lura da abin da na rubuta, don yanzu na koyi auna magana.

Mutanenku sun zo ranar Laraba da farar mota, tare da wani daga meri. Sun shafa jan fenti a gida huɗu, waɗanda bangonsu ya riga ya faɗi, aka ce su za a mayar sababbin ɗakunan siminti a gangare. Sauran goma sha shida aka ce babu. Gidanmu ko tsayawa ba su yi ba. Na bi motar da gudu ba mayafi, na riƙe ƙofa, na ce su zo su ga tsaga. Na merin ya buɗe dosiye ya nuna mini takardata, rubutuna, sa hannuna, an maƙala mata wata ta Faransanci a sama. Ya ce ai ni ce na ba da shaida.

Na kai wa mushe, malamin lekol, kwafin da na merin ya ba ni, ya karanta mini. Layi biyu ne kawai. An rubuta, "La maison est en très bon état." Ya ce ma'anarsa ginin yana nan garau, babu abin da ya taɓa shi. A ƙasa an ƙara cewa wannan shi ne gida mafi kusa da ramin dutse, kuma mai gidan da kanta ta tabbatar, saboda haka gidajen da suka fi shi nisa ba su da hujja.

Gaisuwata ce, Abdurrazak. "Gida lafiya lau." Abin da kowa ke faɗi ko da gawa a ɗaki. Kai da aka haifa a Kurfey, wa ya taɓa tambayarka ya gida ka je ka duba bango? Ina tsagar, ina ƙwaryar, ina taku ɗari uku da hamsin? Shafi biyu na cika, aka ɗauki layin da ba shi da komai aka yar da sauran. Ka ce kai ka fassara. Ina so ka rubuto mini cewa ba kai ba ne, wani Bazabarme ne a biro, ofishin nan naku, wanda Hausarsa ta kasuwa ce. Zan yarda, wallahi ina neman abin da zan yarda da shi.

Labari ya zaga unguwa kafin la'asar. Yanzu in na isa rijiya sai hira ta mutu. Ana cewa na haɗa baki da ɗan'uwana an sayar da su. Ranar Asabar da aka busa jiniya na leƙa ta katanga na kira Rakiya, ta dube ni ta ce, "Ke da kinka ce gidanku lahiya, mi za ki yi da hannuna?" Ni kaɗai na ja Inna bakin gado, na durƙusa, na jawo ta bayana. Ba mu kai gawo ba aka tada, muka faɗi tare a hanya, gwiwarta ta goge. Ban gaya mata dalilin da Rakiya ta daina shigowa ba, ta ɗauka faɗan kaji ne.

Na toshe tsagar da ƙasa da ramno kamar yadda ka ce. Fashi biyu ta yi ta zubo. Yanzu hannuna yana shiga har wuyan hannu, kuma daga gadon Inna ana hango wanda ke wucewa a waje. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ka koma wurin shef ɗinka ka karanta masa sauran. Ban roƙe ka don zauren da ka kwana ba, na fasa wannan. Karatu kawai za ka yi masa.

Basiratu


Yamai
9 ga Yuni, 2022

Basiratu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Na daɗe ban amsa ba, aiki ne ya yi yawa, kuma gaskiya takardarki ta ɓata mini rai. Wasan taubasai daban, zagi daban.

Ni na fassara, ba wani Bazabarme. Shef ya ce in karanta masa, na fara daga sama kamar yadda ake fara kowace takarda. Da na kai wurin ya ɗaga hannu ya ce ya isa, in rubuta masa wannan in kawo. Me kike so in yi, in riƙe masa kunne? Kuma ban ƙara ko kalma ɗaya daga kaina ba. Gida dai gida ne, ke kika rubuta da hannunki. Wanda zai aika takarda biro ba ya cika ta da gaisuwar tsofaffi.

Tunda kina son gaskiya, ga ta. Ni na zaɓi lekol a matsayin wurin akwati, tun farkon aiki, ban ma je na ga wurin ba, a taswira na duba. In na karanta masa cewa akwai gida a taku ɗari uku da hamsin wanda ba a taɓa aunawa ba, to duk rapor ɗin, rahoton awon da na sa wa hannu wata bakwai ya zama takardar ƙosai. Ba shef za a kora ba. Yarana huɗu, Basiratu, kuma mutum ɗari suna bakin ƙofa suna jiran kujerata. Ku bango ne ya tsage muku, ana sake bango. In an gama aiki zan zo da kaina da buhun siminti, in gina wa Gwaggo ɗakin da ba ta taɓa kwana a irinsa ba.

Yanzu ki buɗe kunne, don wannan ne ya sa na rubuto. Saura fashi ɗaya a rufe ramin, kuma babba ne, ana so a gama kafin ruwa ya cika shi. Rami ɗari da ashirin. Abin da ke raba tashinsu bai ishe mu ba, saboda haka za su tashi da yawa a lokaci guda. Ba Talata ba ce, ba Asabar ba ce, kuma ba bayan azahar ba. Ranar Alhamis ce, 16 ga wata, da hantsi, don manya za su zo daga Yamai su gani su koma da wuri. Ki fitar da Gwaggo tun da sassafe, ko tana so ko ba ta so, ki kai ta can gangare. Kada ki tsaya a gawo.

Kada ki nuna wa kowa wannan takarda. In kin karanta ki sa ta a murhu.

Abdurrazak


Yamai
17 ga Yuni, 2022

Baiwata,

Salamu alaikum, ya gida, ya Gwaggo? An ce kun sami ruwa, barka.

An gama. Jiya aka tada, kuma akwati ya tsaya a huɗu da ɗigo takwas, bai kai biyar ba. Da na ga takardar sai da na yi sujada a biro. Mutanenmu na shantiye, can wurin fasa dutse, sun aiko cewa babu wani abin da ya faru a gidajen da ke cikin dosiye. Kin ga duk tashin hankalinki na banza ne. Shef ya yaba mini a gaban kowa, ya ce da ni za a tafi sabon aiki.

Na san kina fushi, ki huce, ƙuguna ne zai yi goyo na gaba. Ga turmin atamfa da shayi na ba Yahaya ya kawo wa Gwaggo. Ki ce mata ɗanta yana nan tafe bayan Layya.

Ubangidanki har gobe,
Abdurrazak


Tungar Magagi
20 ga Yuni, 2022

Abdurrazak,

Ban fara da gaisuwa ba. Tana ƙasa, ka karanta har can wannan karon, babu mai ɗaga maka hannu.

Takardunka biyu jiya suka iso tare. Motar Yahaya ta lalace a Baleyara ta yi kwana shida, ta farkon tana cikin akwatin gaban mota, ya manta da ita sai da ka ba shi ta biyu. Ya shigo da atamfa a hannu ya tarar da mutane zaune a kan tabarmi ana rabon gumba. Sadakar uku ce. Ni na hana a kira ka daga Filingue, na ce da hannuna zan gaya maka.

Ranar Laraba da yamma aka yi ruwan farko, mai yawa, kuma ya shiga tsagar nan ya jiƙa bangon har ciki. Ranar Alhamis gari duka ya fita shuka. Na ce a raina ba ranar fashi ba ce, kuma ko ita ce akwai sauran lokaci har azahar. Na yi wa Inna wanka, na ba ta kunu, na ajiye mata ruwa ta ɓangaren hannunta mai lafiya, na ɗauki iri na tafi gonar fadama. An ce mai shela ya zaga gari da hantsi, amma wa zai tarar, kowa yana gona.

Ina duƙe na ji jiniya. Ka san nisan gonar, ka sha kai mana abinci can. Na yar da ƙwaryar iri na yi gudu, zanena ya kwance na riƙe shi a hannu. Na wuce rijiya, na wuce gawo, ina ganin ƙofar gidanmu, sai ƙasa ta buge ni a ƙafa na faɗi. Ban ji ƙarar ba ma. Ƙura kawai na gani ta tashi daga inda ɗakin yake.

Kailu ne ya fara isowa da fartanya, sai Rakiya. Da hannu muka tona, don kada ƙarfe ya same ta. Rakiya ta fi kowa tono, farcenta biyu suka cire, tana yi tana kiran sunan Inna. Bangon ya kwanta mata daga ƙirji zuwa ƙasa, azara ta tare kanta. Da muka fito da ita idonta biyu, ta san kowa. Aka tafi neman amalanke a kai ta likita, ta ce a bari, a kai ta gindin gawo kawai. Can ta cika, ana kiran la'asar.

Ba ta san komai ba, Abdurrazak. Ban taɓa gaya mata zancen takarda ba. Har ta mutu tana gaya wa mutane ɗanta babba ne a kamfanin, shi ya sa ake busa mana jiniya don kada mu firgita. Huɗu da ɗigo takwas, ka ce. Na rubuta shi da gawayi a guntun bangon da ya rage, don mai wucewa ya san bai kai biyar ba.

Takardar da ka ce in sa a murhu tana nan cikin kwanon jerenta, ɗaya daga cikin biyun da ba su lotse ba. Mushe ya ce in ba shi ya mayar da ita Faransanci, tun daga sama har ƙasa, mu kai wa perfe, wakilin gwamnati na Filingue. Ban ba shi ba tukuna, kuma ban ce ba zan ba shi ba. Ka zauna da wannan kamar yadda na zauna da jiniya. Atamfar na mayar wa Yahaya. Simintin ma ka riƙe, inda take yanzu ƙasa ta isa.

Saura saƙonta. A gindin gawo, da numfashi ya fara yi mata wuya, ta jawo ni da hannun nan nata guda, na sa kunne. Na zaci wasiyya za ta yi a kan gona. Cewa ta yi, "In kin rubuta ma Abdu, kak ki tada mishi hankali, shina bisa aiki. Ki ce mishi gida lahiya lau."

Na yi mata alkawari, ga shi na cika.

Gida lafiya lau, babu abin da ya same mu. Na sa kwanan wata, na sa hannu. Ka fassara.

Basiratu